Amsar hukuma ga 'yan kasuwa bayan guguwa a Amurka: ba a fafe gora ranar tafiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu na jaridarka domin in ja hankalin masu karatu a kan wani ɓangare na labarin guguwar Amurka wanda ba kasafai ake kawo shi ba. Duk shekarar da mahaukaciyar guguwa ta auka wa gaɓar tekun ƙasar, abin da ke isa kunnen jama'a shi ne yawan waɗanda suka rasu, da gidajen da suka rushe, da biliyoyin dalolin da aka yi asara. Amma akwai wata tambaya da ke tasowa a ofisoshin kamfanoni tun ruwa bai janye ba, wadda amsarta kan yanke ko kaya za su isa ga mabukata yau ko sai mako mai zuwa: shin doka ta yarda in haɗa hannu da abokin gasata mu kai kaya, ko kuwa yin hakan zai kai ni gaban alƙali? Ni mazaunin birnin Houston ne a jihar Texas, aikina akanta a wani ƙaramin kamfanin sari, kuma na ga ranar da wannan tambaya ta tsayar da aikinmu cik.

Ya kamata in fara da dokar kanta, domin wanda bai san nauyinta ba zai yi mamakin tsoron da 'yan kasuwa ke yi mata. Tun 1890 Amurka take da dokar Sherman, wadda ta haramta wa masu gasa da juna su ƙulla yarjejeniyar da za ta tauye ciniki, aka kuma ƙarfafa ta a 1914 da dokar Clayton da kafa hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, wato FTC. Hukumomi biyu ne ke riƙe da wannan sanda, FTC ɗin da kuma sashen yaƙi da babakere na Ma'aikatar Shari'a. Haɗa baki a tsayar da farashi, ko shirya wanda zai ci kwangila tun kafin a buɗe takardun nema, ko raba yankuna a ce kai ka ci arewa ni in ci kudu, duk manyan laifuka ne: kamfani na iya biyan tarar da ta kai dala miliyan 100, mutum kuma dala miliyan 1 tare da ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 10. Bayan wannan, duk wanda aka cutar yana da ikon shigar da ƙara ya nemi diyya ninki uku na asarar da ya yi. Ina goyon bayan wannan doka ɗari bisa ɗari, domin ita ce ke hana manya su haɗa kai su matse ƙananan kamfanoni irin namu, su kuma tatse mai saye.

Guguwar Harvey ta sauka a gaɓar Texas a daren Juma'a 25 ga Agusta, 2017, sannan ta tsaya a kanmu tana zubar da ruwa kwana da kwanaki, har aka auna ruwan sama da ya haura inci 60 a wasu wurare na kudu maso gabashin jihar. Kamfaninmu yana rarraba ruwan kwalba, da madarar jarirai, da abincin gwangwani ga ƙananan shaguna na unguwa. Allah ya tsare sitonmu, ko ɗigo bai shiga ba, amma filin da muke ajiye manyan motocinmu yana kwari, sai ruwa ya shanye su har zuwa tagogi. Wani kamfani da muka shekara goma muna ƙwace wa juna abokan ciniki ya sami akasin haka: motocinsa lafiya lau a kan tudu, sitonsa kuwa ya zama tafki. Ranar Talata da safe mai wancan kamfani ya bugo wa maigidana waya, ina zaune a gefensa ina jin muryar tana fitowa, ya ce masa, kai kana da kaya ni ina da mota, me muke jira?

Maigidana bai ce a'a ba, bai kuma ce to ba. Ya ajiye wayar ya nemi lauyan kamfani, wanda shi ma ruwa ya kore shi daga gidansa. Da aka same shi, abin da ya faɗa gaskiya ne, amma bai warware mana komai ba. Ya ce kada a kuskura a ambaci farashi, kada a ba wa wancan kamfani jerin sunayen abokan cinikinmu, kada a yi maganar wa zai riƙe wace unguwa, sannan a ba shi lokaci ya duba. To, ta yaya za ka ɗora kaya a motar mutum ba ka gaya wa direbansa inda zai kai su da yawan da zai sauke ba? Muka shiga halin gaba kura baya sayaki. A kwanakin nan wani mai shago ya kira ni sau huɗu, a kira na ƙarshe ya ce min wata mata tana tsaye a gabansa da jariri a kafaɗa tana tambayar madara, ni kuma ina kallon katan-katan na madarar ta tagar ofishina. Sai ranar Juma'a aka sa hannu a wata takarda mai shafi ɗaya: muna hayar motocinsu da direbobinsu, direba zai karɓi adireshi da adadin katan kawai, takardar kuɗi za ta tafi daga ofishinmu kai tsaye ba ta hannunsa ba, kuma yarjejeniyar za ta mutu bayan kwana 30. Kwana uku muka ɓata kafin mu isa ga abin da tun farko halal ne a idon doka.

Sanarwar da hukumomin biyu suka fitar a kan guguwar Harvey da guguwar Irma da ta biyo bayanta ta zo ne a watan Satumba, fiye da mako biyu bayan saukar Harvey. Abin da ke cikinta daidai ne: ta amince cewa masu gasa da juna na iya buƙatar haɗa ƙarfi na ɗan lokaci domin maido da ayyukan da jama'a ba za su rayu babu su ba, ta kuma yi kashedi cewa za a hukunta duk wanda ya fake da bala'in ya haɗa baki a kan farashi ko kwangila. Da lauyanmu yana da wannan takarda a hannunsa ranar Talatar nan, da motoci sun tashi kafin azahar.

Ba wannan ne karon farko da hukumomin suka gane cewa lokaci na da muhimmanci ba. A 2005, bayan guguwar Katrina ta ragargaza birnin New Orleans a ranar 29 ga Agusta, guguwar Rita kuma ta biyo baya a watan Satumba, sun buɗe wata hanya ta gaggawa wadda kamfani zai bayyana haɗin gwiwar da yake son yi ya sami amsa cikin 'yan kwanaki. Hanyar da aka saba ita ce kamfani ya rubuta wa Ma'aikatar Shari'a cikakken bayanin abin da yake niyya, ita kuma ta mayar masa da wasiƙa ta faɗa masa ko tana da nufin ƙalubalantarsa, ko kuma ya nemi ra'ayin ma'aikatan FTC, kuma duka biyun kan ɗauki watanni. Amsar da za ta zo bayan wata uku ko huɗu ba ta da amfani ga wanda gadon asibitinsa ke cikin ruwa yau. A ranar 24 ga Maris, 2020, da annobar korona ta shigo, sai suka sake buɗe hanyar, suka yi alkawarin amsa cikin kwana 7 daga ranar da aka kammala ba su bayanai, kuma amsar za ta yi aiki na shekara guda. Ranar 4 ga Afrilu wasiƙar farko ta fita zuwa ga manyan masu rarraba kayan asibiti biyar, McKesson da Cardinal Health da Owens & Minor da Medline da Henry Schein, waɗanda suke aiki da hukumar agajin gaggawa ta FEMA wajen jigilar takunkumin fuska da safar hannu ta jirgin sama. A watan Yuli kuma wasu kamfanonin magani, ciki har da Eli Lilly da Amgen da AstraZeneca, suka sami amincewar su yi musayar bayani a kan ƙarfin masana'antunsu na haɗa wani nau'in maganin korona, bisa sharaɗin ba za a taɓa maganar farashi ba. Wannan ya tabbatar da cewa aikin da ake cewa sai an yi watanni, ma'aikatan nan na iya gama shi cikin mako idan an ba su umarni.

Akwai masu adawa da wannan sassauci, kuma ba na raina hujjarsu. Suna cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma babu tsagewar da ta fi ta lokacin bala'i. Bayan kowace guguwa kuɗin gwamnati kan kwararo domin kwashe baraguzai, da gyaran rufin gidaje, da sake gina hanyoyi da madatsun ruwa, ana ba da kwangiloli cikin hanzari, masu sa ido kuma hankalinsu ya rabu gida goma. A irin wannan yanayi 'yan kwangila uku na iya zama a ɗaki ɗaya su yanke wanda zai ci wannan gunduma da wanda zai ci waccan, biyu su shigar da farashi mai tsada da gangan domin na ukun ya yi nasara. Haka nan masu ɗaukar ma'aikata na iya haɗa baki su ƙi ƙara wa kafintoci ko ma'aikatan jinya albashi a daidai lokacin da ake rububinsu, abin da ya sa hukumomin suka fitar da wani gargaɗi na musamman a kansa a Afrilun 2020. Kafa cibiyar yaƙi da zambar bala'i a Baton Rouge ta jihar Louisiana bayan Katrina shaida ce cewa wannan fargaba tana da tushe. Akwai kuma wata illa da ta fi waɗannan ɓoyuwa, wadda ni kaina na lura da ita: bayanin da abokin gasarka ya sani a watan bala'i ba ya mantawa da shi idan rana ta fito. Direbobin wancan kamfani sun san ƙofar kowane shago da muke kai wa kaya, kuma ba mu da hanyar goge wannan daga kansu.

Amma idan aka bi hujjar a hankali, za a ga tana goyon bayan amsa cikin gaggawa ne. Mai niyyar haɗa baki ba ya rubuta wa Ma'aikatar Shari'a wasiƙa, ba ya jiran kowa, kuma jinkirin hukuma ba ya rage masa komai. Wanda jinkirin ke ɗaure wa hannu shi ne mai tsoron doka, irin maigidana. Sa'annan kuma duk wanda ya bi hanyar gaggawa dole ya bayyana su wane ne a cikin yarjejeniyar, wane kaya ta shafa, wane yanki, har zuwa yaushe, kuma Ma'aikatar Shari'a tana wallafa amsarta kowa ya gani. Haɗin gwiwar da aka rubuta aka ajiye a gaban hukuma ya fi sauƙin sa wa ido a kan wanda aka ƙulla ta waya tsakar dare. Wasiƙar da aka ba ƙungiyar masu kiwon alade a watan Mayun 2020 misali ce mai kyau na yadda ake shata iyaka. Mahautan zamani sun rufe saboda annoba, dabbobi sun taru babu inda za a kai su, sai ma'aikatar ta ce ba za ta ƙalubalanci musayar bayani a kan yadda za a kashe waɗanda ba su sayuwa a ƙarƙashin jagorancin hukumomin noma ba, amma ta ja kunne cewa labari zai canja idan aka yi amfani da damar wajen juya farashin nama. Rage kaya a kasuwa ta hanyar yarjejeniya na daga cikin abubuwan da dokar ta fi ƙyama, duk da haka an sami hanyar raba larura da son zuciya cikin ɗan lokaci.

Ya dace in gyara wata fahimta da nake yawan ji a bakin 'yan'uwanmu masu ƙananan sana'o'i a nan. Da yawa suna ɗauka cewa wannan doka ita ce ke hana tsawwala farashi lokacin bala'i, alhali abubuwa biyu ne daban. Mutum ɗaya da ya ninka farashin ruwan sha ko na man fetur shi kaɗai, dokar jiharsa ce za ta kama shi, kamar yadda babban lauyan gwamnatin Texas ya riƙa karɓar koke-koke a lokacin Harvey, har da na katan ɗin ruwa da aka sa wa dala 99. Dokar hana babakere ta tarayya tana shigowa ne idan mutum biyu ko fiye suka yi shawara a kan abin da za su sayar. Masu gidajen mai huɗu a titi ɗaya da suka aika wa juna saƙo suka ce mu tsaya a kan kaza, sun taka ta, ko da kuwa a ganinsu farashin da suka tsayar mai sauƙi ne kuma niyyarsu alheri ce. Haka kuma wasiƙar amincewa daga Ma'aikatar Shari'a ba laya ba ce: tana bayyana niyyar ma'aikatar ne a ranar da aka rubuta ta bisa bayanin da aka ba ta, ba ta ɗaure hannun kotu, ba ta kuma hana wani ɗan kasuwa ko mai saye shigar da ƙararsa.

Babban abin da ke damuna shi ne waɗanda suke cin moriyar hanyar gaggawar. Idan aka duba sunayen da na ambata a sama, za a ga manyan kamfanoni ne masu lauyoyi a Washington waɗanda suka san ƙofar da za su ƙwanƙwasa da kalmomin da za su rubuta. Amma a kwanakin farko bayan guguwa, waɗanda ke riƙe da rayuwar unguwa su ne ƙananan kantunan magani, da masu motocin ɗaukar kaya biyu ko uku, da masu gyaran janareta, da asibitocin karkara, da 'yan sari irinmu. Kantin magani da wutarsa ta ɗauke yana son ya kai allurar masu ciwon suga firjin kantin da ke gasa da shi, ya kuma tura masa marasa lafiyarsa na mako biyu. Asibitoci biyu a ƙaramin gari suna son ɗaya ya riƙe haihuwa ɗaya ya riƙe wankin ƙoda har a gyara ginin da ya lalace, wanda a takarda ya yi kama da rabon kasuwa. Waɗannan ba su da lauyan da ya ƙware a wannan fanni, ba su san akwai wata hanya ta gaggawa ba, kuma ko sun sani, babu intanet, babu wuta, babu mai zama ya tsara takardun nema. Sai su zaɓi ɗaya cikin biyu: su yi abin a ɓoye cikin fargaba, ko su naɗe hannu.

Abin da ya faru a 2024 ya ƙara min wannan damuwa. A ƙarshen Satumba guguwar Helene ta haura har cikin tsaunukan North Carolina, inda ba a saba ganin irinta ba, ambaliya ta rufe masana'antar kamfanin Baxter da ke kusa da garin Marion, wadda ke samar da kusan kashi 60 cikin 100 na ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya a asibitocin Amurka. Asibitoci a jihohin da ko iska ba ta kaɗa ba suka fara ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba suna tsimin abin da ya rage musu. Bala'i a gunduma ɗaya ya zama ƙarancin kaya a ƙasa baki ɗaya, kuma tambayar wa zai ara wa wa, wa zai faɗa wa wa abin da ke sitonsa, ta taso a wurare da yawa lokaci guda. Watanni kaɗan bayan haka, a Disamban 2024, hukumomin biyu suka janye jagorar da suka fitar tun 2000 a kan haɗin gwiwa tsakanin masu gasa da juna, suna cewa ta tsufa, suka kuma shawarci kamfanoni su koma ga dokoki da hukunce-hukuncen kotu. Mai yiwuwa jagorar ta tsufa ɗin, amma a ce wa mai kantin magani a garin da ruwa ya ci ya je ya karanta hukunce-hukuncen kotu, wannan bai yi kama da taimako ba.

Lokacin guguwa a tekun Atlantika sananne ne, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma gobarar daji a yammacin ƙasar da ambaliyar manyan koguna ba baƙi ba ne. Saboda haka ban ga dalilin da zai sa a riƙa jiran bala'i ya auku, sannan a zauna a rubuta sanarwa, sannan a buɗe hanyar gaggawa, sannan a rufe ta idan ƙura ta lafa ba. Abin da nake ganin ya dace shi ne hanyar ta zama tsayayya, ta buɗe da kanta a duk ranar da shugaban ƙasa ya ayyana yanki a matsayin wanda bala'i ya shafa, da wa'adin amsa da bai wuce kwana 7 da aka riga aka gwada aka ga yana yiwuwa ba. Ga ƙananan 'yan kasuwa kuwa, kwana 7 ma ya yi yawa, don haka a rubuta musu tun yanzu, cikin harshe mai sauƙi, irin abubuwan da za su iya yi ba tare da neman izini ba, kamar hayar mota, da aron sito, da ajiye magani a ɗakin sanyi na wani, tare da sharuɗɗan da ba a tsallakewa: babu zancen farashi, babu zancen albashi, babu zancen wa zai nemi wace kwangila, kuma a rubuta ranar ƙarewa. A raba wannan takarda ta hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ofisoshin agajin gaggawa na gundumomi kafin watan Yuni, a kuma sa lambar waya wadda mutum zai kira ya sami ma'aikaci mai ikon ba da amsa. A ɗaya hannun, duk wanda ya ci moriyar sassaucin ya sanar da hukuma ranar da ya warware yarjejeniyar, domin kada larurar wata guda ta rikiɗe ta zama al'adar shekara goma.

Mu dai a kamfaninmu ba mu jira ba. Bayan Harvey maigidana ya sa lauya ya gyara takardar nan mai shafi ɗaya, aka bar guraben suna da kwanan wata a buɗe, aka buga kwafi goma aka sa a leda mai hana ruwa shiga, suna cikin akwatin ƙarfe a ofishina tare da makullan motoci. An kuma mayar da filin ajiye motocin kan tudu. Amma a layin da sitonmu yake akwai ƙananan kamfanoni fiye da goma, kuma da na tambayi masu su a taron da muka yi kafin lokacin guguwar bana, biyu ne kawai suka taɓa jin cewa ana iya tambayar hukuma irin wannan tambaya.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka mai karatu,
daga Houston, jihar Texas, Amurka